Girbin Baya: Mahaƙurci Mawadaci ne, ko Mawadaci ne Mahaƙurci?

Duk wanda ya bi hanyar Tasawa zuwa Kona a ƙarshen watan Satumba zai iske gonaki sun ɗauki kamannin kaka. An yanke zangarniya, an ɗaure dammuna, amalanken shanu suna kai da kawowa tsakanin daji da gari. Amma jefi-jefi idonsa zai faɗa kan wata gona da ba a taɓa ba, karanta a tsaye, ganyenta kore shar, zangarniyarta ko ido ba ta gama yi ba. Maiwa ce. Mai ita yana da sauran makonni kafin ya kai ko tiya ɗaya gida, alhali maƙwabtansa sun fara shan furar sabon hatsi.

In aka tambayi mutanen gari game da wannan manomi, bakinsu ba zai zo ɗaya ba. Wani zai ce mai haƙuri ne, kuma mahaƙurci mawadaci. Wani zai ce ganganci yake yi da abincin iyalinsa, domin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kowane da karin maganarsa, kuma duka biyun daga bakin magabata suka fito. Abin da wannan maƙala take son dubawa ke nan: yaushe jira yake zama haƙuri, yaushe kuma yake zama sakaci? Sannan wane ne ma yake da halin jiran?

Wata kalma daga littafin Faransanci

Ɗaliban lise masu karanta labarun ƙasar Faransa sukan ci karo da kalmomin vendanges tardives, su tsaya suna neman ma'ana. Abin nufi shi ne tsinkar inabi a makare, watau girbin baya. Inabin da ake magana a kansa na giya ne, abin da Musulunci ya haramta, kuma mafi yawan masu karanta wannan mujalla ba su taɓa kai shi baki ba, ba su kuma da niyya. Sai dai kafin ya shiga ganga, inabi amfanin gona ne kamar hatsi, mai shi kuma manomi ne da ke kallon sama yana lissafi. Wannan lissafin ne abin dubawa a nan, domin da wuya a sami wata sana'ar noma da ta auna ribar jinkiri da hasararsa filla-filla, har ta sa su cikin doka, kamar wannan.

A yawancin gonakin Faransa da Jamus, cikin Satumba ake tsinkar inabi. Masu girbin baya sukan bar nasu a kan kuranga har Oktoba ko Nuwamba, wani sa'i har Disamba. A cikin waɗannan makonni ruwan da ke cikin ƙwayar yana raguwa, ta yanƙwane ta doshi kamannin zabibi, zaƙinta kuma ya tattaru wuri ɗaya. In aka matse ta, sukarin yakan yi yawan da yisti ba zai iya juya shi duka ya zama barasa ba, sai saura ya tsaya a ciki. Daga nan abin ya samo halinsa: launi kamar na zuma, kauri a harshe, da ƙanshin busassun ƴaƴan itace da ɓawon lemu. Kaɗan ake zubawa, kuma yakan yi shekaru gommai a ajiye yana ƙara kyau, alhali farar giyar yau da kullum ba ta jure ajiya mai tsawo.

Masana wannan sana'a sun haɗu a kan magana ɗaya: zaƙi kaɗai ba shi ne ma'auni ba. Dole ne tsamin da inabin yake da shi tun yana ɗanye ya saura a cikinsa, ya tare zaƙin, in ba haka ba abin ya ginshi mai sha. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan hikima. Ita ce ta haɗa fura da nono, ita ce kuma ta sa kunun tsamiya yake shiga inda ruwan sukari zalla ba ya shiga. Jinkirin da ya wuce kima yana kashe tsamin, sai a tashi da zaƙi maras kai.

A yankin Alzas na gabashin Faransa, dokar shekara ta 1984 ta tsara wanda ya cancanci rubuta waɗannan kalmomi a jikin kwalba. Iri huɗu na inabi kawai aka yarda da su, da hannu za a tsinka, sai zaƙin ya kai wani mizani da aka ƙayyade, kuma an hana ƙara sukari daga waje. Ma'anar dokar a fili take: ba a sayen abin da jira ke bayarwa a kanti. A Jamus akwai masu jira har sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifiri, su tsinki inabin da dare yana daskare, su matse shi kafin ya narke. Wata shekara sanyin ba ya zuwa, tsuntsaye su cinye abin da aka bari.

Manzon da ya makara da funfuna mai fuska biyu

A gidan gonar Schloss Johannisberg, kusa da kogin Rin a Jamus, ana ba da wani labari na shekara ta 1775. Gonar mallakar babban limamin Kirista ne na birnin Fulda, wanda kuma shi ne sarkin ƙasar, ba a fara tsinka sai da izininsa. A wannan shekara manzon da aka aika ya karɓo izinin ya makara da kimanin mako biyu. Kafin ya iso funfuna ta kama inabin, ya yanƙwane, masu aiki suka fid da rai. Suka matse shi a hakan don kada a tashi a tutar babu, sai ga shi abin da ya fito ya fi na kowace shekara. Har yau akwai mutum-mutumin wannan mahayi a harabar gidan.

Wannan funfuna, da masana ke kira Botrytis cinerea, ita ce ginshiƙin sana'ar yankin Sotern, kudu da birnin Bordo. A can ruwan ƙaramin kogin Siron mai sanyi yana haɗuwa da na Garon mai ɗumi, sai hazo mai laima ya rufe gonaki da safe, rana ta kore shi da hantsi. Laimar safe tana rayar da funfunar, ta huda fatar ƙwayar, zafin yamma kuma ya janye ruwan ta waɗannan ƙananan kafofi. In haka ta samu, Faransawa suna kiran abin pourriture noble, watau ruɓa mai daraja. In kuwa ruwan sama ya ɗore, rana ba ta fito ba, wannan funfunar dai, ba wata ba, ita ce take mai da gonar duka dagwalo, a kira ta pourriture grise, ruɓa mai toka-toka. Halitta ɗaya ce, jira ɗaya ne, bambancin yana ga yanayin da suka tarar da kuma idon da ke kansu.

Saboda haka masu wannan aiki ba sa zama gida su ce suna jira. A gonar Château d'Yquem, wadda ta fi kowace suna a Sotern, masu tsinka sukan ratsa layi ɗaya sau biyar ko shida, wani sa'i fiye, cikin makonni da yawa, suna ɗaukar ƙwayoyin da suka kai, suna barin waɗanda ba su kai ba, suna yar da waɗanda suka lalace. Akan ce kowace kuranga a can kofi ɗaya take bayarwa, alhali a wasu gonaki kuranga takan cika kwalba. Akwai kuma shekarun da gidan ya duba abin da ya samu ya ƙi sa masa sunansa gaba ɗaya: 1910, 1915, 1930, 1951, 1952, 1964, 1972, 1974, 1992 da 2012. Aikin shekara guda ke nan, an biya ma'aikata, an yi ɗawainiya, ba a fitar da kwalba ɗaya da sunan gidan ba.

Abubuwa uku suka fito daga wannan bayani. Na farko, zaƙin girbin baya ba kyautar lokaci ba ce, da ragin yawa ake biyansa. Na biyu, jiran da ke haifar da shi aiki ne na kullum, ba naɗe hannu ba. Manzon 1775 bai yi haƙuri ba, makara ya yi, aka yi katari. Yabo na waɗanda suka zo daga baya ne, suka gane dalili, suka mai da tsautsayi sana'a. Da Bahaushe ya ce wani jinkirin alheri ne, bai manta da sa kalmar «wani» ba. Na uku, kuma shi ne wanda ba a cika faɗa ba, mai yin wannan jira sai wanda zai iya rasa shekara guda bai kwana da yunwa ba. Johannisberg gonar sarki ce. Yquem ta daɗe a hannun gidan sarauta, tun 1999 kuma kamfanin LVMH, ɗaya daga cikin mafi dukiya a Faransa, shi ke riƙe da mafi yawan hannun jarinta.

Gero da maiwa

Ƙasar Tasawa da Mayahi ba ta noman inabi, amma ta san zaƙin abin da aka bari ya kai. Magarya da aduwa sai sun bushe a kan uwarsu suke yin daɗi. Dabinon Kawar da ayarin Buzaye ke saukowa da shi tare da gishirin Bilma, su musanya da hatsi, shi ma girbin baya ne: an bar shi ya rage ruwa, ya tara zaƙi, ya jure tafiyar hamada. Amma inda tambayar take da nauyin rai da mutuwa shi ne gonar hatsi.

Gero yana nuna cikin kwana 75 zuwa 100. Maiwa ba ta lissafi da ranar shuka, tsawon yini take bi. Ko an shuka ta da ruwan farko, ba za ta fid da kai ba sai yini ya fara gajarta wajen ƙarshen damana, don haka takan ɗauki wata huɗu zuwa biyar a gona. Wannan hali yana da amfaninsa. Tana cin moriyar ruwan ƙarshe da gero ya riga ya wuce. Sau da yawa takan tsira daga tsutsar zangarniya da manoma ke kira murzuna, domin lokacin da take fid da kai ƙarfin tsutsar ya ragu. Tana nuna cikin busasshiyar iska, ƙwayarta ta shiga rumbu ba laima. Karanta kuma yana da yawa da tsawo, ga darni, ga abincin dabbobi.

Hasararta ma a bayyane take. A ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 ba, in sama ta ɗauke a farkon Satumba, maiwa sai ta tsaya da kai ba ido. In ta tsira daga wannan, ita kaɗai ta rage a fili, duk jan-bakin da ke yankin a kanta zai sauka. Ga fara. Ga kuma garken makiyaya da ke gangarowa daga arewa bayan damana suna jiran a saki gonaki. Gonar da ta makara ita ce takan zama sanadin rigima tsakanin mutanen da kowanensu yake da gaskiyarsa.

Manoman dā ba su zaɓi ɗaya suka bar ɗaya ba. Sukan shuka gero ya fid da gida daga yunwar damana, su sa maiwa da dawa da wake su biyo baya su cika rumbu. Gero ne yake sayo wa maiwa lokacin da take bukata. Da fari ya yi ta maimaituwa, musamman na 1973 da na 1984, lissafin ya sake. Maiwa ta ja baya zuwa kudu, iri masu saurin nuna irin su HKP, da cibiyar binciken noma ta INRAN ke yaɗawa, suka sami karɓuwa. Har ma masu bincike da suka gwada irin hatsin da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a waɗannan ƙauyuka a 2003 sun iske na baya yana riga na farko fid da kai. Ba wanda zai ce manoman nan haƙurinsu ne ya ragu. Damana ce ta gajarta, suka bi ta, kuma hankali ke nan.

A can ƙarshen layi akwai gidan da ko geron ba ya iya jira. Cikin watan Agusta, rumbu ya koma kango, sai a shiga gona a tsinko shibra, wannan hatsin da ke fitowa da kansa ya riga sauran nuna. Daga nan a koma kan tumu. Ga mai hali tumu marmari ne, ana gasa shi don daɗi. Ga maras hali kuwa cin girbin gobe ne tun yau.

Karin magana a juye

A nan ne ya kamata a sake duban maganar nan ta mahaƙurci mawadaci. A kasuwar hatsi, sau da yawa a juye take aiki. Da kaka, lokacin da tiya ta fi araha, a sannan ne ƙaramin manomi yake sayarwa, domin mai bashin damana yana bakin ƙofa, ga haraji, ga kayan makarantar yara, ga bikin da aka ɗaga sai kaka. Wanda ya saya ya zuba a sito ba abin da zai yi sai jira. In bazara ta yi, damana ta kama, manomin nan zai dawo ya sayi hatsinsa da tsada, wani sa'i da sabon bashi.

Shekara ta 2005 ta nuna wannan a fili. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta sauka a wasu yankuna. Buhun hatsin da aka sayar wajen jikka 10 da kaka ya doshi jikka 30 a wasu kasuwanni kafin watan Yuli. Hatsi bai ƙare a kasuwa ba, kuɗin sayensa ne babu. Jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasa, tana cikin inda abin ya fi tsanani, kuma a wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a wannan jiha. Wanda ya iya jira a wannan shekara ya sami riba ninki biyu ko uku. Shin ya fi uwar da ta kwana tana lallashin yaro da ruwan ganye haƙuri ne?

Akwai wani misali a Gulbin Kaba, kwarin da ya ratsa ƙasar Mayahi. Kaba da goruba itace ɗaya ne: kaba ita ce ƙuruciyarsa, goruba girmansa. In aka dinga yankan ganyen kaba don tabarma da igiya ba hutawa, ba za ta taɓa miƙewa ta zama goruba ba. Mai yanka ya san haka sarai. Amma ya san kuma in ya bari, wani zai zo bayansa ya yanke. Haka ƴaƴan itacen da ba shi da mai tsaro, ɗanye ake kaɗe su, don kowa yana tsoron a riga shi. Ke nan ban da abin da za a ci kafin lokaci ya yi, jira yana bukatar amana, watau tabbacin cewa abin da mutum ya bari zai same shi.

Mai karatu yana iya cewa: wannan magana ba ta rage darajar haƙuri ba kuwa? Ba ta mai da shi kayan masu kuɗi ba? Ai tun fil azal an san haƙuri cikin manyan halayen mutumin kirki, har Baturen nan Kirk-Greene, da ya yi nazarin wannan ma'ana a wajen Hausawa a 1974, ya lissafa shi tare da gaskiya da amana da karamci. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma amsarsa ita ce kalma ɗaya ce take ɗauke da abubuwa uku da ya kamata a rarrabe.

Akwai haƙurin ɗaukar abin da ba makawa, kamar na wanda fari ya cinye gonarsa bai saci na wani ba, bai yi saɓo ba. Wannan shi ne mafi girma, ladansa yana wurin Allah, kuma talaka ya fi kowa rabo a cikinsa. Akwai haƙurin zaɓi, na wanda yake iya ɗauka yau amma ya bari sai gobe don abin ya ƙara kyau, yana sa ido, ya kuma yarda da abin da zai rasa. Wannan shi ne na mai maiwa da mai inabi, shi ne yake haifar da wadatar duniya, kuma ba ya yiwuwa sai da abin dogaro. Sannan akwai na uku, wanda aron sunan kawai ya yi: mutum ya bar abin da ya kamata ya yi, ya kira kasalarsa haƙuri ko tawakkali. Wannan ita ce ruɓa mai toka-toka.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki alkawarin na biyu a ba mai na farko. A ce wa wanda rumbunsa ya ƙare ya yi haƙuri zai wadata, alhali ba a ba shi abin da zai riƙe ransa har lokacin ba. In bai wadata ba kuma a ce gajen haƙuri ne ya ja masa. Mai ƙoshi da ke yi wa mai yunwa wannan wa'azi yana iya zama mai gaskiya a lafazi, amma bai yi adalci ba.

Sayo wa wani lokaci

In haka ne, aikin al'umma ba ya tsaya ga yabon haƙuri ba, sai ta sama wa mutanenta halin yinsa. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta nuna shugaban da ya tara hatsin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa domin shekarun fari, kamar dai yadda ake zuba dammuna a rumbu har yau. Bai ce wa mutanen Masar su yi haƙuri kawai ba, ajiya ya yi musu. A gidajen gandu na dā ma akwai babban rumbun da maigida ba ya buɗewa sai aikin damana ya kama.

A wannan zamani akwai bankunan cimaka na ƙauyuka, akwai kuma jinginar amfanin gona da ake kira warantaji, wadda wani shirin hukumar FAO ya yaɗa a Nijar tun daga 1999. Manoma sukan haɗa kai su zuba buhunansu a sito ɗaya da kaka, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiyarsu, ɗaya a hannun asusun ba da rance. Asusun ya ba kowa rancen wani kaso na kuɗin kayansa, ya biya bukatun kaka, ya yi kiwo ko ƙaramar sana'a da rani. Bayan wasu watanni ya biya, a buɗe sito, ya ɗauki hatsinsa lokacin da ya yi daraja. Tsarin yana da iyaka: wata shekara farashi ba ya tashi, kuma gidan da bai noma abin da ya wuce bakinsa ba ba shi da abin jinginarwa. Duk da haka ya nuna abu ɗaya muhimmi. Manoman da ake zargi da gaggawar sayarwa, da aka ba su halin jira, sun jira.

Abin da ya shafi malami

Yaro ba ƙwayar inabi ba ne, kuma kowane misali yana da inda yake tsayawa. Amma malamin makaranta ya san akwai ɗalibai gero, akwai ɗalibai maiwa. Wani tun ajin farko yake fid da kai. Wani sai ya yi shekaru shiru, musamman wanda ya bar harshen gidansu a bakin ƙofar aji ya shiga kokawa da Faransanci, sannan wata rana abin ya buɗe masa, ya riƙe shi riƙon da mai saurin bai yi ba. Makarantun gwaji masu fara karatu da harshen gida, waɗanda aka soma a Damagaram a 1973, a kan wannan lissafi aka gina su: a yarda da jinkirin shiga Faransanci domin tushen ya kafu.

Sharuɗɗan nan uku suna nan a aji kamar yadda suke a gona. Malamin da ya sa yaro ya maimaita aji, ya mai da shi bencin baya, bai sake duba littafinsa ba har shekara ta ƙare, bai yi haƙuri da shi ba, manta shi ya yi. Haƙuri da ɗalibi shi ne a dinga komawa kansa kamar masu tsinkar Sotern, a ga abin da ya kai, a ga abin da ya saura. Yana kuma da ragi, domin lokacin da aka ba shi daga wani wuri aka ɗebo shi. Uban da ya cire ɗansa daga kwaleji ya tura shi ci-rani, ko ya aurar da ƴarsa ba ta kai ga birbe ba, sau da yawa ba ƙin ilimi ne ya sa shi ba. Shekarun da ake ce masa ya jira ne ba shi da abin cike su. Kafin ƙungiyar iyaye ko ta raya al'adu ta yi masa wa'azi, ya kyautu ta tambaya ko makarantar tana ba da abincin rana, ko yarinyar da ta zo daga ƙauye tana da amintaccen masauki a gari.

Haka kuma wajibi ne malami ya san ranar yanka. Akwai lokacin da ci gaba da jira zalunci ne, yaro yana ɓata shekarunsa a kan hanyar da ba tasa ba, alhali ga sana'ar da hannunsa ya nuna. Mai inabin da ya ƙi tsinka don kwaɗayin ƙarin zaƙi, ruwan Nuwamba ne yake raba shi da duka.

Kammalawa

In aka koma ga mai gonar maiwa na hanyar Kona, za a ga cewa masu yabonsa da masu zarginsa duk sun yi gaggawar hukunci, domin tsayuwar kara a gona ba ta isa shaida ba. Sai an san ko yana zuwa gonar safe da yamma, yana duba zangarniya, yana korar tsuntsu, ya kuma yi magana da makiyayan da ke kusa. Sai an san ko ya shuka gero a wata gonar, yaransa suna cin tuwo yanzu. In duka biyun sun samu, mahaƙurci ne, kuma ana sa ran ya wadata. In yana zuwa gonar amma gidansa ba hayaƙi, caca yake yi da abin da ba nasa shi kaɗai ba. In kuwa ba ya zuwa, tsuntsaye ya noma wa.

Maƙwabcinsa da ya yanke nasa tun bai gama bushewa ba, ya kai kasuwar Tasawa ya sayar da araha, shi ma kada a yi saurin kiransa maras haƙuri. A fara leƙa rumbunsa, a tambayi nawa ake bin sa.